Lissafin Karo

A wata ranar Laraba da la'asar sakaliya, a kan hanyar Kachia daf da Sabon Tasha, wani matashi mai Keke Napep ya taka birki domin wata tsohuwa ta tsallake titi. Yana ɗauke da mata biyu da buhun masara. A bayansa akwai tirela maƙare da siminti tana tafe a hankali, keken kuwa ya shige ƙarƙashin hancinta, inda direba ba ya iya hango shi daga sama. Gaban tirelar ya daki bayan keken. Keken ya zabura kamar an harba shi, ya karkace, ya afka bakin kwalbati. Matan suka tsira da ƙujewa. Matashin ya tashi da ciwon wuya da tsagewar haƙarƙari guda. Shi kuwa direban tirelar sai da jama'a suka bi shi da ihu suna dukan ƙofarsa sannan ya tsaya, da ya sauko ya rantse da Allah cewa bai ji ya taɓa komai ba.

Rantsuwar nan ta fi ɓarnar keken ƙona wa matashin rai. Kwana uku yana kwance a gidan mahaifinsa a Makera, duk wanda ya zo dubiya sai ya maimaita masa ita: mutum ya kusa kashe rai uku, sannan ya dubi idon jama'a ya ce bai ji ba. Masu dubiya suna taya shi jinjina rashin imanin direbobin manyan motoci. Mahaifin nasa dai yana zaune a kan tabarma a bakin ƙofa, bai tanka ba sai a rana ta uku.

"Auta," in ji shi, "mutumin nan bai yi maka ƙarya ba. Bai ji ba."

"Haba Baba! Ni da nake tsaye a kan hannuna? Ni ke da gaskiya fa."

"Kai ke da gaskiya. Shi ma a wannan magana yana da ita."

Dattijon yana da hujjar faɗin haka. Shekara talatin ya yi yana aikin haɗa taragu a tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction, wadda ke kudancin kogi. A nan ne layin dogon da ya taso daga Legas zuwa Kano, wanda aka kammala haɗawa a 1912, ya gamu da na gabas da ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan a shekarun 1920. A zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana, tun daga buɗe masaƙar KTL a 1957, filin tashar ba ya rabuwa da taragun auduga da na gyaɗa da na man fetur. Aikinsa shi ne tsayawa a gefen dogo, kan jirgi ya ingizo tarago guda, shi kuma ya tabbatar ya kama ɗan'uwansa. Abin da ya gani sau dubbai shi ne ƙarfe yana karo da ƙarfe a hankali, a fili, ba tare da ruɗanin haɗarin mota ba.

Yana da wani darasi da yakan yi wa sababbin ma'aikata a ranarsu ta farko. Sabon yaro yakan raina taragon da ke gangarowa da saurin tafiyar ƙafa, har ya ga kamar zai iya tare shi da kafaɗa. Sai dattijon ya ɗauki sandar rake ya riƙa ta tsakanin ƙugiyoyin biyu. Idan suka haɗu, ruwan raken kan yi tsartuwa, abin da ya rage a hannunsa tamkar an tauna an tofar. Taragon kuwa ko gezau bai yi ba. Daga ranar babu yaron da ke sake sa hannu a tsakani.

Jikarsa, wadda ke ajin ƙarshe a sakandare tana shirin jarrabawar WAEC, ita ce ta raɗa wa abin suna a daren da ake wannan muhawara. Ta ce ai abin da Kaka ke faɗi yana cikin darasinsu na fizis, Turawa na ce masa momentum. Dattijon ya ce to amarya ta fassara wa mijinta tsoho, tunda ita ta ci boko. Fassarar da ta fi dacewa ita ce nauyin gudu, domin abin da ake nufi ke nan: a ɗauki nauyin abu, a ninka shi da saurin da yake tafiya, a kuma lura da inda ya dosa. Tarago mai tan 30 da ke tafiyar kilomita 5 a awa yana da nauyin gudu 150. Mota ƙirar Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a kamfanin PAN na Kakuri bayan buɗe shi a 1975, nauyinta bai wuce tan ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Kafin ta tara nauyin gudu 150 sai ta kai wajen kilomita 125 a awa. Sabon ma'aikaci yana kallon saurin taragon ne kawai, ya manta da ɗaya rabin lissafin.

Dokar da ke bayan wannan lissafi gajera ce. Idan abubuwa biyu suka yi karo, kuma babu wani ƙarfi daga waje da ya shiga tsakani a wannan ɗan lokacin, jimillar nauyin gudunsu kafin karon daidai take da jimillarsa bayan karon. Abin da ɗaya ya rasa, ɗayan ne ya samu, ba ragi ba ƙari. A ɗauka tarago mai tan 30 ya taho da kilomita 6 a awa, ya tarar da wani mai tan 30 a tsaye, suka kama juna. Nauyin gudu 180 ne aka zo da shi, yanzu kuma tan 60 ne za su raba shi, saboda haka su biyun za su ci gaba da kilomita 3 a awa. Idan na tsayen fanko ne mai tan 15, sai a raba 180 da 45, a sami kilomita 4. Dattijon bai taɓa rubuta waɗannan alƙaluma ba, amma yana iya duban tarago ya faɗi inda zai tsaya bayan ya kama wani, kuma da wuya ya kuskure da fiye da taku biyu.

Yanzu a kai wannan ma'auni Sabon Tasha. A ɗauka tirelar da kayanta tan 30 ce, tana tafiyar kilomita 20 a awa. Keken da direbansa da mata biyu da buhun masara a ce kilo 600, yana tsaye. Nauyin gudun tirelar, idan aka auna da kilo, 600,000 ne. A daidai lokacin da ta kwashi keken, nauyin da ke tafiya ya zama kilo 30,600, saurinsu kuma ya koma kilomita 19.6 a awa. Ke nan abin da tirelar ta rasa bai kai rabin kilomita a awa ba, wanda ko ƙaramin rami a titi ya fi shi girgiza direba. Keken kuwa ya tashi daga tsaye cak zuwa kusan kilomita 20 a awa cikin ƙiftawar ido. Kujera ta ingiza gangar jikin Auta gaba, kansa ya yi saura a baya, ga asalin ciwon wuyan. Da keken ya daki kwalbati ya tsaya, jikinsa ya ci gaba da tafiya har sai da ƙirjinsa ya gamu da hannun tuƙi, ga asalin haƙarƙarin. Karo biyu aka yi a jere, na biyun ma ba da tirelar ba ne. Mutumin da ke zaune a saman tan 30, ga rurin inji ga zafin rana, zai iya rantsuwa da zuciya ɗaya cewa bai ji komai ba.

Abin da ya fi wuyar karɓa a nan shi ne cewa ƙarfin da tirelar ta daki keken da shi daidai yake da wanda keken ya daki tirelar da shi. Wannan ita ce doka ta uku cikin dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687, kuma daga gare ta ne dokar nauyin gudu ke fitowa. Duka iri ɗaya ne ya sauka a kan jiki biyu, sai dai ɗaya ya ninka ɗaya nauyi sau 50, don haka canjin gudun da ƙaramin ya sha ya ninka na babban sau 50. Duk maharbin da ya taɓa harba bindiga ya san haka a kafaɗarsa, haka ma ma'aikatan DICON, masana'antar makamai da aka kafa a Kakuri a 1964. Harsashi mai giram 10 idan ya fita da mita 800 a daƙiƙa, bindiga mai kilo 4 za ta ja baya da mita 2 a daƙiƙa. Nauyin gudun da ya yi gaba da wanda ya yi baya daidai suke, amma kowa ya san ɓangaren da ya fi kyau mutum ya tsaya.

Ɗan Adam ya daɗe kafin ya kai ga wannan fahimta. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayani a littafinsa Ash-Shifa cewa abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata, mail a Larabce, wanda ba ya gushewa da kansa sai wani abu ya tare shi. A ƙarni na 14 Jean Buridan na jami'ar Paris ya ce wannan abin yana ƙaruwa da yawan jikin abu da kuma saurinsa. René Descartes ya zo a 1644 ya ce jimillar motsin da ke duniya ba ta raguwa ba ta ƙaruwa, amma ya yi tuntuɓe a wuri guda: bai sa alƙibla a lissafinsa ba, don haka yawancin ƙa'idojin karo da ya rubuta ba su yi daidai da abin da ido ke gani ba. A 1668 ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan ta nemi a warware matsalar. John Wallis da Christopher Wren da Christiaan Huygens na ƙasar Holan suka aiko da amsoshinsu, aka tabbatar cewa dole a ƙirga mai zuwa gabas a matsayin ƙari, mai zuwa yamma a matsayin ragi.

Batun alƙiblar nan shi ne ya sa dattijon bai runtsa sosai ba a daren farko, ko da yake ɗansa ya tsira. Auta da tirelar hanya ɗaya suka dosa, kuma a hankali take tafe. Hanyar Kachia kuwa ita ce ke kaiwa matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980, tankoki da tireloli ba sa yankewa a kanta, masu keke kuma sukan bi hannun da ba nasu ba don guje wa dogon zagaye. A ɗauka keke mai kilo 600 yana gudun kilomita 30 a awa, ya yi gaba da gaba da tanka mai tan 30 da ke gudun kilomita 50. Nata nauyin gudun 1,500,000 ne, nasa 18,000 ta ɗaya fuskar. A cire ƙaramin daga babban, a raba da jimillar nauyinsu, za a sami kilomita 48.4 a awa ta inda tankar ta dosa. Tankar ta rasa kilomita ɗaya da rabi da ɗan kai. Keken ya bar 30 ta gaba ya koma 48 ta baya, canjin da ya haura kilomita 78 a awa, a cikin lokacin da bai isa a ce bismillah ba.

Akwai tambayar da jikar ta yi wadda ta dace a amsa: idan ba a asarar komai a karo, me ke lanƙwasa ƙarfe, me ke karya ƙashi? Amsar ita ce asusu biyu ne, kuma dokar da ake magana a kanta ta shafi guda ne. Na biyun shi ne makamashin motsi, wanda ke bin sauri a ninke da kansa. A 1722 wani masani ɗan Holan, Willem 's Gravesande, ya riƙa sako ƙwallayen tagulla a kan yumɓu mai laushi, ya ga cewa idan sauri ya ninka biyu, lotsawar kan ninka huɗu. Shi wannan makamashi yana iya sauya kama. A wasan sinuka da matasa ke bugawa a rumfunan Barnawa da Narayi, idan farar ƙwallo ta daki wata a tsakiya sosai, takan tsaya cak, ɗayar ta wuce da kusan dukkan saurinta. Ƙwallayen suna da tauri, ba sa lotsewa, don haka kusan duk makamashin ya wuce a matsayin motsi. Taragu biyu masu nauyi ɗaya da suka kama juna kuwa, rabin makamashin ne ke fita daga motsi ya koma ƙara da zafi da matsewar ƙarfe. Wannan rabin shi ne ya tatse raken dattijon. A kan titi shi ne ke shiga jikin mota da jikin mutum. Mai keken da ya ƙara gudu daga kilomita 30 zuwa 60 ya ninka nauyin gudunsa biyu, ya ninka makamashin ɓarnarsa huɗu, nisan da birki ke bukata kafin ya tsayar da shi ma ya ninka huɗu. Ba a banza Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa ba.

Motar da ta daki ginshiƙin gada ta tsaya fa, ina nauyin gudunta ya tafi? Ya shiga ginshiƙin, ginshiƙin ya miƙa shi ga ƙasa. Nauyin duniya ya kai kilo tiriliyan shida sau tiriliyan, saboda haka canjin da take samu ya yi ƙanƙantar da babu na'urar da za ta auna shi. Tsakanin mota da ƙasa, motar ce keken.

Tunda ba a iya soke nauyin gudu, sai dai a miƙa shi ga wani, abin da ya rage a hannun mutum shi ne tsawon lokacin miƙawar. Canjin nauyin gudu daidai yake da ƙarfin duka a ninka da lokacin da dukan ya ɗauka. Idan lokacin ya yi tsawo, ƙarfin sai ya ragu. 'Yan dakon da ke sauke kankana daga mota a Kasuwar Monday ta Kakuri sun san wannan a hannuwansu: mai cafewa ba ya sandarar da hannu, yakan bi kankanar ya ja ta zuwa ƙirjinsa, shi ya sa ba ta fashewa. Ƙugiyar tarago ma akwai abin da ke lotsawa a bayanta domin ya shanye dukan sannu a hankali. Mutum mai kilo 70 da ke cikin mota mai gudun kilomita 50 a awa, idan jikinsa ya tsaya cikin kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa, kamar yadda yakan faru idan ya daki gilashi ko sitiyari, ƙarfin da ke sauka a kansa ya kai nauyin tan 10. Idan aka ja tsayawar ta kai kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, ƙarfin ya koma kamar tan guda. Tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ne ake rabuwa da rai ko a tsira da shi.

Wannan ɗan lokaci shi injiniyoyin mota suka shafe shekaru suna nema. Béla Barényi na kamfanin Mercedes-Benz ya sami rajistar dabararsa a 1952, ta ƙera gaba da bayan mota yadda za su lotse da gangan, ɗakin fasinja kuma ya zauna da ƙarfinsa. A 1959 Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da bel mai kama kafaɗa da ƙugu, wanda jami'an hukumar FRSC, da aka kafa a 1988, ke tsayar da direbobi a kansa har yau. Masu ƙorafin cewa motocin zamani kamar gwangwani suke, da an taɓa su sai su lotse, suna zagin abin da ke ceton su ne. Lotsewar ita ce ke sayo wa fasinja lokaci. Keke Napep ba shi da dogon gaba da zai lotse, ba shi da ƙofa, ba shi da bel. Tsakanin ƙirjin direbansa da titi babu komai sai gilashi da siririn ƙarfe. Tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe, ciki har da KTL da ta rufe a 2002, wannan abin hawa da babur su ne suka zama gonar ɗimbin magidanta a kudancin Kaduna, kuma titi ɗaya suke bi da tankoki.

Auta bai janye maganarsa ta cewa shi ke da gaskiya ba, mahaifinsa ma bai nemi ya janye ba. Shugabannin ƙungiyar masu keke da na direbobin suka zauna, mai tirelar ya ɗauki nauyin gyara da kuɗin asibiti, domin wanda ya daki na gabansa shi ke da laifi, ko ya ji ko bai ji ba. Dattijon ya je zaman da sandarsa, ya gaisa da direban hannu da hannu. A hanyarsu ta komawa gida ya ce wa ɗansa dokar hanya tana da amfani, ita ce ta sa aka biya shi, amma sai bayan an yi karo take zama ta yi shari'a. A lokacin karon kansa babu abin da ake dubawa sai nauyi da sauri.

Bayan mako shida Auta ya koma aiki. Abokan sana'arsa sun lura ya canza a abu uku. Ya daina kutsawa gaban babbar mota a cunkoso, sai inda zai iya ɗaga kai ya ga fuskar direban, tunda wanda ba ka ganin fuskarsa shi ma ba ya ganin ka. Ya daina bin hannun da ba nasa ba a hanyar Kachia, ko da zagayen zai ci masa mai. Kuma ya rage gudu, har wasu fasinjoji na yi masa tsiya cewa tsoho ne a jikin yaro. Yakan ce musu sannu ba ta hana zuwa. Kuɗin da yake kawowa gida da yamma ya ɗan ragu, mahaifiyarsa ta lura, ba ta ce komai ba.

Ranar da jikar ta dawo daga rubuta jarrabawar fizis, ta tarar da kakanta a bakin ƙofa ta ce masa tambayar karo ta fito, kuma da taragu ta yi tunaninta har ta samo amsa. Dattijon ya tambaye ta tan nawa aka ba kowane. Ta faɗa masa, da saurin na farkon. Ya yi shiru yana kallon ƙasa kamar mai bin dogo da ido, sannan ya faɗi saurin da za su tafi da shi bayan sun kama juna. Ta duba bayan takardar tambayoyin inda ta yi lissafinta, ta ce ya kuskure da ɗigo biyu. Ya ce ai ba ta sa tsatsar dogo a nata ba.